Kalmar Turanci: Finish

Jama'a, yau za mu koyi wata kalmar Turanci wadda mukan ji a asibiti da kanti da wurin aiki. Ita ce finish. Karatunta ba wuya, don yadda aka rubuta ta haka ake faɗinta: fi-nish.

Mu Hausawa muna da gama, muna da ƙare. Mukan ce mun gama noma, amma hatsi ya ƙare. A Turanci kuwa kalma ɗaya ta isa. In shugaban aiki ya ce finish, nufinsa a gama aikin. In mai kanti ya ce sukari finish, watau ya ƙare.

Asalinta daga Latin ne, harshen Rumawan da. Su finis suke ce wa iyaka, kamar iyakar gona. Faransawa suka gaji kalmar. A 1066 mutanen Normandi, ta ƙasar Faransa, suka ci Ingila da yaƙi, harshensu ya cuɗu da Ingilishi. Ta nan ta shiga, tun kafin 1400.

To, ga inda za mu lura ƙwarai. In likita ya ba mu ƙwayoyi ya ce finish, ba cewa ya yi mu daina ba. Cewa ya yi mu shanye su duka, ko da mun ji sauƙi. Dainawa kalmarta dabam ce, watau stop. Wanda ya rikita su ya bar magani a tsakiya, ciwo yana iya komo masa. In ba mu gane ba, mu tambaya. Matambayi ba ya ɓata.