Fitilar Birki Ta Ƙi Mutuwa: Ina Laifin Yake?

A shekarar 1978 kamfanin Bosch na Jamus ya fitar da na'urar ABS, watau wadda ke hana ƙafafun mota cijewa in an taka birki da ƙarfi. Amfaninta babba ne a hanyoyin Ɗambatta da Bichi, inda gona ke manne da gona, yara da jakuna suna ƙetarawa kullum.

Kowace ƙafa tana da ɗan ma'auni mai aika labarin gudunta ta waya. In fitilar ABS ta ƙi mutuwa, birki yana nan, amma na'urar ta daina aiki.

To, mu bi abin daki-daki. Da fari batir, gama in ƙarfinsa ya ragu na'urar kan rikice. Sa'an nan fis. Kana wayoyin ƙafafu, waɗanda kututturen dawa kan tsinke, mu kuma share laka daga ma'aunin. In ya faskara, sai makanike mai kwamfuta.

Malamai, waɗansu kan cire ƙwan fitilar domin su ɓoye aibi. Kafin ku sayi mota ku murɗa makulli: lalle fitilar ta kama tukuna, sa'an nan ta mutu. In kuwa jar fitilar birki ma ta zauna, kada motar ta motsa.