Kafin ki saya wa Gwaggo, ki rufe ido ki gwada

Gwaggona da ke Bakura ta shekara bakwai tana tuƙa tuwo ba ta gani, tun da hawan jinin ido ya cinye mata gani. Ta san murhunta kamar tafin hannunta: ƙarar itace ke gaya mata ƙarfin wuta, ƙamshi ke gaya mata miya ta nuna. Bara ɗanta ya sayo mata murhun gas don ta huta da hayaƙi. Ba a yi sati biyu ba ta ƙone a hannu, domin makunnin sumul yake, babu abin da yatsa zai taɓa ya san a kashe yake ko a kunne. Ni na riƙa wanke mata ciwon. Ƙunar ta warke, amma daga ranar aka hana ta shiga madafi, kuma wannan ya fi yi mata ciwo.

Irin Gwaggo suna da yawa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kusan mutum 4 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yanar ido ce kan gaba, sai hawan jinin ido. Yanar ido ana cire ta da aiki, gani ya dawo, don haka asibiti ne matakin farko. Amma wanda ganinsa ba zai dawo ba, gidan ne ya kamata ya daidaita da shi.

Masu ƙera kaya sun san hanyar. Duba ƙaramar waya mai maɓallai, galibi za ki ji ɗan tudu a kan lamba 5. An sa shi ne don yatsa ya gano sauran lambobin. Babbar waya ma tana iya karanta abin da ke fuskarta da murya: TalkBack a Android, VoiceOver a iPhone. Matsalar ita ce kayan zamani da yawa sun koma na shafawa, masu magana kuma, kamar wasu na'urorin awon jini, da Turanci suke yi.

Saboda haka in kin shiga kasuwar Talata Mafara sayen rediyo, fanka ko butar lantarki, ki rufe ido ki gwada. Za ki iya kunnawa? Kin ji ƙas lokacin da ta kashe? In ba ki iya ba, ita ma ba za ta iya ba.

Abin da ke gida kuma ana iya gyara shi:

Makunnin gas: ki ɗiga jan farce ko gam daidai wurin kashewa, ki bar shi ya bushe ya yi tudu.

Magani: ki ɗaura roba ɗaya a kwalbar na safe, biyu a ta dare.

Mai ɗan sauran gani: farin kofi a kan faranti mai duhu, da fitila mai haske a hanyar banɗaki.

Guba: a gidajen manoman da ke noman rani da ruwan madatsar Bakolori, daga Maradun zuwa Bakura, ba a rasa maganin ƙwari. Kada a zuba shi, ko kananzir, a gorar ruwa ko ta lemo. Hannu ba ya bambance su.

Wuri: kowane abu ya zauna inda aka saba. Ki koya wa yara mayar da buta da kujera mazauninsu.

Mafi muhimmanci, ki tambaye ta kafin ki gyara. Da na je sa wa murhun alama, Gwaggo ta kama yatsana ta nuna min gefen da hannunta ke fara sauka, ba inda na yi niyya ba. Mun yi kwana uku tana kunnawa tana kashewa ina tsaye. Yanzu ita ke dama kunun safe, surukarta tana kusa.

Ke fa, wace dabara kike yi wa naki tsofaffin? Ki faɗa mana a ƙasa, wata uwar ta amfana.