Layukan Da Ke Jikin Gilashin Bayan Mota

Motocin da fatake ke kawowa Kano daga Turai, waɗanda ake ce wa Beljiyam, galibinsu suna da waɗansu siraran layuka a jikin gilashin baya. Mutane da dama sun zaci ado ne, alhali kuwa fenti ne mai haɗe da azurfa, aka gasa shi a gilashi. In wutar batir ta bi ta cikinsa sai ya yi ɗumi, ya kori raɓa. Turawa sun yi shi saboda ƙanƙara, amma a nan da damina yake da rana, tun ba watan Agusta ba, sa'ad da mai mota ya fito bayan Asuba, gilashi ya yi dishi-dishi, ga shi zai ja da baya cikin lungun Yakasai, almajirai kuwa suna giftawa da allunansu.

Abin da ya fi lalacewa shi ne ɗan kunnen ƙarfen da ke riƙe waya a gefen gilashin. Dilar atamfa guda daga Kantin Kwari, in aka cusa ta da ƙarfi, ta isa ta ɓamɓare shi.

Gam na tebur ba ya ɗaukar wuta, ko ya kama aikin banza ne. Gwanin wayarin, irin na Ƙofar Ruwa, zai kashe wuta, ya goge wurin tas, ya manna kunnen da gam mai azurfa, a bar shi ya kwana. Ana kuma liƙewa da dalma, amma sai da hattara, gama in zafi ya taru wuri guda, gilashin na iya tarwatsewa ya koma tsaki.