Ko Kun Sani? Furen Gurjiya Ma Abin Miya Ne

A dazukan ƙasar Bagudo, daga Ka'oje zuwa Tsamiya, har tsallaken iyaka wajen Segbana ta Jamhuriyar Benin, bishiyar gurjiya kan kakkaɓe ganyenta da sanyin hunturu, sannan ta fitar da fure ja wur. Mata da yara kan tsinto furen, su fige jan ganyensa, su bar ɗan ƙoƙon gindinsa. Shi ake shanyawa, a daka, a kaɗa miya mai yauƙi irin ta kuɓewa. Audugar 'ya'yanta kuwa da ita ake cika matashin kai. Sai dai masu sassare rassa don samun fure suna hana bishiyar yin 'ya'ya, irinta kuma ya riƙa raguwa.