Takobi ko sulke? Lissafin da ke ɓoye a wasan waya

Aikina a Dirku rubutun kaya ne. Idan manyan motoci suka iso daga Agadas ko suka gangaro daga Libiya, ni ke zama da kaye da alƙalami ina rubuta buhu nawa, jarka nawa, na wane da na wane. Da dare kuma ina da ƴar rumfa mai farantan hasken rana inda ake kawo waya caji. A rumfar nan na san wasan Mobile Legends, domin samarin fadarmu ba su da haƙurin jiran waya ta cika. Tana jone da caja za ka ga an tsugunna a gindin tebur, shayi na tafasa a gefe, babban yatsa na ta zarya a kan gilashi.

Wasan na kamfanin Moonton ne da ke birnin Shanghai na ƙasar Sin, ya fito a 2016. Mutum biyar ke karawa da mutum biyar, kowa da jarumin da ya zaɓa, a fili mai hanyoyi uku, kuma ɓangaren da ya rushe gidan abokan gaba shi ya ci. Ana cikin faɗa zinare na taruwa a aljihun kowane ɗan wasa, da shi yake sayen kaya: takobi, sulke, takalmi, sandar tsafi. Sai dai gurbin kaya shida ne kacal, zinaren kuma da kaɗan-kaɗan yake shigowa. Saboda haka mutum biyu masu jarumi iri ɗaya da saurin yatsa iri ɗaya za su gwabza, ɗaya ya kwantar da ɗaya, don kawai ya fi shi iya saye.

Kada a ɗauka wasan yara ne ko'ina. An yi gasar duniya ta farko a Kuala Lumpur a 2019, ƙungiyar EVOS Legends ta Indunusiya ta ɗauki kofi, kuma a shekarar aka saka wasan cikin waɗanda ake ba wa lambar yabo a wasannin ƙasashen kudu maso gabashin Asiya da aka yi a Filifin. Daga waɗannan zakaru samarinmu ke kwafo haɗin kaya. Ɗan ƙanwata, wanda ke aji na ƙarshe a kwaleji kuma ya rantse lissafi ba ya shiga kansa, ya nuna mini jerin kayansa yana alfahari.

"Kawu, ai wannan shi ne haɗin da zakaru ke yi."

Na ce, "To ɗana, ranar da zakaran ya yi wannan haɗin, da wa ya kara?"

Ya yi shiru. Ni kuma na ɗauko kaye.

Abu na farko da ya kamata kowane ɗan wasa ya haddace shi ne yadda sulke ke aiki. A Mobile Legends, idan aka kai maka sara, ana ninka ƙarfin saran da 120, a raba da jimillar 120 da sulkenka. Wanda ba shi da sulke ko ɗaya, saran duka zai shige shi. Mai sulke 60 zai sha kashi biyu cikin uku. Mai 120 zai sha rabi, mai 240 kuma kashi ɗaya cikin uku. A League of Legends na kamfanin Riot Games, wanda ya fito tun 2009, dokar ɗaya ce, sai dai 100 ake sawa a wurin 120.

Da samarin suka ga wannan jeri sai suka ce ashe tara sulke asara ce, tunda 120 na farko ya rage rabi, na biyu kuwa ɗan abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Kallon ya yi kama da gaskiya, amma an duba abin ta ƙofar da ba ita ba. Tambayar da ta dace ita ce, sara nawa zan iya shanyewa kafin in faɗi? Mu ce jininka 3,000 ne. Ba sulke, saran 3,000 zai kashe ka. Da sulke 120, sai an zuba maka 6,000. Da 240, sai 9,000. Kowane 120 yana ƙara maka 3,000 cif, na farko da na biyu duk daraja ɗaya. Ainihin ƙarfin jurewarka shi ne jininka sau jimillar 120 da sulkenka, a raba da 120. Lambobi biyu ne ake ninkawa da juna, kuma daga nan duk sauran magana ta samo tushe.

Ga misalin da na rubuta wa ɗan ƙanwata. Kana da kuɗin kaya ɗaya: ko ka ƙara jini 1,000, ko ka ƙara sulke 60. Idan jininka 3,000 ne sulkenka 30, ƙarin jini zai kai jurewarka 5,000, ƙarin sulke kuma 5,250. Sulke ya ci. Yanzu bar jinin a 3,000, amma ka riga ka tara sulke 150. Ƙarin jini zai ba ka 9,000, ƙarin sulke 8,250. Jini ya ci. Kayan ba su canza ba, farashi bai canza ba, abin da ke jikinka ne ya juya amsar. Gajeriyar hanya ma akwai, wadda ake iya yi da ka ana tsakiyar wasa: duba wace lamba ce ƙarin zai ɗaga da kaso mafi girma. Dubu a kan dubu uku sulusi ne. Sittin a kan 150 (wato 120 da sulke 30) ya fi sulusi, sittin a kan 270 (120 da sulke 150) bai kai ba. Shi ke nan.

Direbobin da ke ratso Tenere daga Agadas zuwa nan, tafiyar sama da kilomita 600 cikin rairayi, sun san wannan ba tare da takarda ba. Bayan mota iyakarsa ke nan, duk jarkar ruwan da ka ɗora ta cinye wurin jarkar mai ko buhun kaya. Wanda ya cika mota da mai ya manta ruwa ba zai iso ba, kuma jarka ta ashirin ta mai ba za ta yi masa amfanin jarkar ruwa ta farko ba. Gurbi shida na cikin waya haka suke.

Ɓangaren kai hari ma ninkawa ce, har lambobi uku: ƙarfin sara, yawan sara a daƙiƙa, da kuma sa'ar mugun sara, wanda kan ninka ɓarna sau biyu. Idan sa'arka kashi 25 cikin 100 ce, to a sara huɗu ɗaya zai zo ninki, ka ga sara huɗu sun zama tamkar biyar. Mai ƙarfin sara 300 da ke sara sau ɗaya a daƙiƙa, in ya ƙara 100 zai koma 400. In kuwa ya sayi abin da ke ƙara masa rabin saurinsa, 450 zai samu. Shi ya sa nake jin takaici idan na ga yaro ya jera takubba biyar masu aiki iri ɗaya yana murna da ƙatuwar lamba guda a allo, alhali sauran biyun da za a ninka ta da su suna nan a tsugune.

Inda na fi daɗewa da ɗan ƙanwar tawa shi ne kan Blade of Despair, takobin da ke ƙara ƙarfin sara 160, wanda kowane saurayi ke mafarkin kammalawa. Tsadarsa ta wuce zinare 3,000. A gefe guda akwai kayan huda sulke, irin su Malefic Roar, masu ƙara ɗan ƙarfi amma su zaftare wani kaso na sulken abokin gaba, kuma sun fi araha nesa ba kusa ba. Kason yana sauyawa duk lokacin da kamfani ya gyara wasan, don haka mu ɗauki misali kawai, mu ajiye sauran ƙananan baiwar kayan a gefe. Ƙarfinka 300. Zaɓi na ɗaya ƙarin 160, zaɓi na biyu ƙarin 60 da zaftare kashi 40 cikin 100 na sulke. In abokin karawarka mai laushin jiki ne, sulkensa 40, babban takobi zai shigar da 345, mai huda 300. In kuwa ƙaton nan ne mai tsayawa a gaba da sulke 200, babban takobi zai shigar da wajen 172, mai huda 180, ga shi ka rage kuɗi a aljihu ka kuma riga shi kammalawa da mintuna. Saboda haka kafin ka taɓa kanti, buɗe allon da ke nuna kayan abokan gaba. Yawancin samarinmu ba sa buɗe shi sai an gama wasa, lokacin neman wanda za a ɗora wa laifi.

Yaron ya karɓi alƙalamin da kansa. Ya tambaye ni, idan wani kaya yana cire sulke 20 kai tsaye, wani kuma yana cire kashi 30 cikin 100, a ina suke yin kunnen doki? Na ce ya nemo. Ya goge, ya sake, ya ciji bayan alƙalami, can ya ɗago ya ce, "Wajen 67, Kawu. Ƙasa da haka na farko ya fi, sama da haka na biyu." Abin da ya warware ɗin nan lissafin gano lambar da ba a sani ba ne, irin wanda ke fitowa a jarrabawar BEPC, wanda mushensu ya yi ta fama da shi a allo. Raina ya yi fari ƙwarai a daren.

Akwai wanda zai ce a ba kwamfuta ta lissafa mafi kyawun haɗi a huta. Ana yi, amma aikin ya fi yadda ake zato. Ko da kaya 50 ne kawai a kanti, hanyoyin zaɓen shida daga ciki sun kai 15,890,700, tun ba a zo maganar wanne za a fara saye ba. Masana sun daɗe da dangin wannan matsala ta raba ƙayyadadden abu ga buƙatu masu yawa. A 1947 George Dantzig ya fito da shahararriyar hanyarsa ta warware irinta lokacin da yake wa rundunar sojan saman Amurka aikin tsare-tsare. Ƴan League of Legends kuwa sun sauƙaƙa wa kansu da farashin awo: Long Sword na ba da ƙarfi 10 a zinare 350, wato 35 kowane ɗaya, Cloth Armor na ba da sulke 15 a 300, wato 20 kowane ɗaya. Da waɗannan suke auna manyan kaya su ga ko sun ci kuɗinsu. Dabara ce mai kyau, amma tana gaya maka arahar kaya ne kawai, ba ta san halin da kake ciki ba. Sulken ƙarfe komai araharsa ba ya tare tsafi, kuma tara jini ba ya da daɗi a gaban mai Demon Hunter Sword, wanda ke yankar wani kaso na jinin da kake da shi.

Sai kuma abin da babu zakaran Jakarta ko Manila da zai lissafa mana, wato rezo. A saman allon wasan akwai ƴar lamba mai nuna jinkirin da ke tsakanin taɓawarka da amsawar wasan. A nan yankin Kawar sau da yawa ja take, alamar jinkiri ya yi yawa, musamman bayan isha'i da kowa ya hau intanet, ga waya ta yi zafi a hannu. Wannan ma yana shiga lissafi. Wind of Nature kaya ne da sai ka danna shi da kanka, ya kare maharbi daga sara na daƙiƙa biyu. A hannun mai intanet mai gudu, wanda zai dace da lokacin sau tara cikin goma, kaya ne mai daraja. A hannun wanda wayarsa ke daskarewa ana tsakiyar gumurzu, mu ce ya dace sau huɗu cikin goma, ƙasa da rabin wannan daraja ya saya da cikakken kuɗi. Immortality kuwa ba ya jiran yatsanka, da ka faɗi zai tashe ka da ɗan jini. Ni a ganina ɗan Dirku ko Bilma ya fi dacewa da kayan da ke aiki da kansu, da kuma ɗan ƙarin jini fiye da abin da zakaru ke sawa, saboda daƙiƙar da rezo zai sace masa. Haɗin da ya fi kyau a duniya daban, wanda ya fi kyau a rumfata daban, kuma ba na ganin abin kunya a cikin haka.

Ban ce iyaye su saki yara da waya har asuba ba. A rumfata idan aka kira salla ana ajiyewa, kuma ɗan lakwal ba ya wuce ƙarfe goma. Abin da ya fi damuna ma shi ne kuɗi na gaske. Wasan na sayar da tufafin ado na jarumai, samari kuma sun yi imani cewa mai tufa mai tsada ya fi ƙarfi. Gaskiya ne tufa na ƙara wani abu: ƙarfin sara 8, ko jini 100 ga masu tsayawa a gaba. Amma mafi arahar tufa da mafi tsada duk 8 ɗin nan suke bayarwa. A farkon wasa ana ɗan jin ta, da ƙarfinka ya kai 300 kuwa ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba. Wani yaro mai taya mu sauke buhuna a tasha ya zo da jaka biyar, ladan guminsa, yana so in taimaka masa ya sayi tufa ta biyu ga jarumin da ya riga ya yi wa ɗaya. Na sa ɗan ƙanwata ya rubuta masa abin da kuɗin za su ƙara masa a fagen faɗa. Sifiri ya rubuta. Yaron ya kalli takardar, ya ce shi dai kyan tufar yake so. Na ce wannan magana ce daban, kuɗinsa ne, amma ya je ya kwana da shawarar tukuna.