Jaz a kan fiyano: daga ina mai koyo zai fara?

Yau za mu ɗan ajiye maganganun da muka saba, mu taɓa kiɗa.

Wani ƙanena ne ya sayi fiyano na hannu da kuɗin da ya daɗe yana tarawa, wai shi jaz zai koya. Wata uku yana gaban waya, yana bin irin bidiyon nan da launuka ke saukowa suna nuna maka inda za ka danna. Ya haddace waƙa ɗaya tsaf. Ranar da na ce masa, "To malam, canza mata ko da wuri ɗaya mu ji," sai ya tsaya yana kallona. Yanzu fiyanon yana can an lulluɓe shi da zani. Abin ya tsaya min a rai, domin yaron yana da kai. Hanyar ce ya ɗauko ta baibai.

Jaz kiɗa ne na baƙaƙen fatar Amurka. Ya taso a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20, daga cuɗanyar kiɗan buluz, waƙoƙin coci, kiɗan badujala da salon fiyano da ake kira ragtaim. A 1917 aka fitar da faifan jaz na farko. Tsarinsa kuwa shi ne: a buga karin waƙa sau ɗaya kowa ya ji, sannan kowane makaɗi ya karɓa, ya ƙirƙiri nasa karin nan take a kan ginshiƙin waƙar, daga ƙarshe a dawo kan karin farko a rufe. Ka ga ke nan wanda ya haddace inda yatsa zai faɗa bai shiga gidan ba tukuna. Abin da ake koya shi ne ginshiƙin, da kunnen da zai ji shi.

To mene ne ginshiƙin? Zauna gaban fiyano. Baƙaƙen maɓallai a jere suke, biyu, uku, biyu, uku. Farin maɓallin da ke hagu da baƙaƙe biyu shi ne C. Daga shi ka hau farare: C, D, E, F, G, A, B, sai wani C ɗin. Wannan shi ne tsanin C, mai matakala bakwai. Idan ka danna sauti uku ko huɗu lokaci guda, makaɗa na kiran wannan dunƙulen kod. A jaz yawanci huɗu ne, kuma ginin da sauƙi: ka ɗauki ɗaya, ka tsallake ɗaya.

Fara daga matakala ta biyu, wato D, za ka samu D, F, A, C. Sunansa Dm7. Fara daga ta biyar: G, B, D, F, shi ne G7. Koma ta farko: C, E, G, B, shi ne Cmaj7. Buga su a jere a hankali. Na farko kamar an tashi tafiya ne, na biyu yana ja yana neman gida, na uku an iso an zauna. Wannan jerin shi ake kira 2-5-1, kuma babu jerin da ya kai shi yawa a waƙoƙin jaz. "Autumn Leaves", wadda Joseph Kosma ya tsara a Faransa a 1945 kuma kusan kowane mai koyo ke bi ta kanta, cike take da shi.

Yawwa, ga inda nake so ku nutsu. Ba dole ba ne ka danna duka huɗun. Hannun hagu ya riƙe tushe kawai: D, sai G, sai C. Hannun dama ya riƙe sauti biyu, na uku da na bakwai daga tushen, domin su ne ke bayyana halin kod ɗin. A kan D, ka danna F da C. Da ka koma G, F na nan inda yake, C ne kawai zai zame zuwa B da ke kusa da shi. Da ka iso C, B na nan, F ya zame zuwa E. Yatsa ɗaya ke motsi kowane lokaci, kuma zuwa maƙwabcinsa. Shi ke nan fa. Ranar da na fara jin wannan a ƙarƙashin hannuna, dariya na yi ni kaɗai, domin sautin da nake ji a fayafai nake ɗauka sihiri ne, ashe ɗan motsin nan ne tushensa.

Aikin da ke biyo baya shi ne mai cin lokaci. Sautuka 12 ne tsakanin C da C na gaba, idan an haɗa da baƙaƙe, kuma kowanne yana da tsaninsa da nasa 2-5-1. Na san me wasu za su ce: ai akwai maɓallin da ake dannawa fiyano ya ɗaga ko ya sauke murya da kansa, kai kana nan a C ɗinka. Masu kiɗan biki da na situdiyo da yawa da shi suke aiki, kuma ban raina su ba, abinci suke nema. Amma a jaz ba zai fisshe ka ba, domin waƙa ɗaya kan sauya tsani sau biyu ko uku a tsakiyarta, ba ka da hannun da za ka kai can. Ɗauki tsani ɗaya a mako. Bayan C ka je F, sai B♭, sai E♭, domin masu busa na son waɗannan. Alamar ♭ a nan tana nufin baƙin maɓallin da ke hagu da harafin, ♯ kuma wanda ke dama.

Kada ka jira sai ka gama 12 ɗin kafin ka fara ƙirƙira. Tun makon farko ka shiga buluz. Tsarinsa gaɓa 12 ne, kowace gaɓa ƙirga huɗu. Mafi sauƙinsa a C: gaɓa huɗu a kan C7, biyu a kan F7, biyu a kan C7, ɗaya G7, ɗaya F7, biyu C7, sai a sake zagayowa. C7 shi ne C, E, G, B♭. F7 kuma F, A, C, E♭. Nemi "C Jam Blues" ta Duke Ellington, ta 1942. Karinta gaba ɗaya sauti biyu ne, G da C. Babban makaɗi irin Ellington, sauti biyu! Idan ka iya ta, sai hannun dama ya fara yawo a cikin C, E♭, F, F♯, G, B♭. Buga gajeren zance, ka yi shiru, ka ba shi amsa, kamar yadda mawaƙi ke bayarwa 'yan amshi su karɓa. Shirun nan yana cikin kiɗan. Saurari Count Basie ka ji yadda yake danna sauti kaɗan ya bar fili.

Akwai abin da rubutu ba zai iya koya maka ba, shi ne rausayar jaz da ake kira suwin. A bayani, idan sauti biyu suka raba ƙirga ɗaya, na farko ya fi tsawo, na biyu gajere, kuma tafi yana faɗawa a kan 2 da 4. Amma bayani daban, ji daban. Saurari "Freddie Freeloader" a kundin Kind of Blue na Miles Davis, 1959. Wynton Kelly ne a kan fiyano a wannan waƙar, sauran kundin kuma Bill Evans. Ɗauki daƙiƙa biyar kacal daga abin da Kelly ya buga, ka yi ta maimaitawa har ka iya rerawa da baki, sannan ka lalubo shi a kan maɓallai. Zai iya cin maka yini biyu, kada ka damu. Haka manyan suka koya, daga fayafai da kuma zama kusa da waɗanda suka riga su. Mary Lou Williams, ga 'yan'uwa mata masu sauraro, gidanta a Harlem matattara ce ta matasa irin su Thelonious Monk da Bud Powell.

Karatun rubutaccen kiɗa fa? Erroll Garner, wanda ya tsara "Misty", bai iya karanta shi ba. Amma ni ba zan ce ka fake da shi ba. Ka koyi abin da zai ishe ka karanta takardar waƙa mai ɗauke da kari da sunayen kod a sama, domin da ita makaɗan jaz ke magana da juna.

Batun kaya, ba sai ka sayi mai maɓalli 88 ba. Mai 61 ya isa shekarar farko. Abu ɗaya za ka gwada kafin ka biya: danna a hankali, danna da ƙarfi. Idan ƙarar ba ta canza ba, bar shi. Kuma ka kashe gangar nan da fiyanon ke bugawa da kansa, tana ɓoye maka kurakuranka. Sauke manhajar metronom a waya, wadda ke ƙwanƙwasa ƙirga, ka sa ta a hankali. Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi, domin hannu maimaici yake so. Kana yi kana naɗar kanka, ka saurara washegari. Akwai kunya da farko, ni ma na ji ta.

Aikin wannan makon: 2-5-1 a C da sautuka biyun nan, da "C Jam Blues" tare da metronom. Ni kuma zan je in yaye zanin nan daga fiyanon ƙanena. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.