Mu'amalar Mutum da Na'ura: Gurbin Ɗalibin Kimiyyar Harshe, Daga Misalin Gaya

Ana yawan ɗaukar fannin nazarin mu'amalar mutum da na'ura a matsayin gonar ɗaliban kimiyyar kwamfuta kaɗai. Fannin yana duba yadda mutum yake ba na'ura umarni, da yadda take mayar masa da amsa, da inda fahimta take wargajewa a tsakaninsu. Amma tun farkon tasowarsa masana harshe da al'ada suna ciki. Lucy Suchman, wadda ta yi aiki a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox a Amurka, ta ɗauki hoton bidiyon mutane suna fama da injin kwafar takardu, ta ƙwanƙwance abin da ya gudana da dabarun nazarin hira. Littafinta na 1987 ya nuna cewa injin yana ganin maɓallin da aka danna ne kawai, ba ya jin abin da mutanen ke nufi.

Garin Gaya a jihar Dosso wuri ne da wannan matsala take fitowa fili. Yana bakin kogin Kwara, gada ta haɗa shi da Malanbil ta ƙasar Benin, kuma Kamba ta jihar Kebbi ba ta da nisa da shi. Ana jin Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci a kasuwa guda, alhali wayar da ke hannun ɗan kasuwa da Faransanci take magana, ko da Ingilishi in layin Nijeriya ne a ciki.

Lissafin kuɗi ya isa misali. Bahaushen Nijar ba ya ƙirga sefa ɗaya-ɗaya, da dala yake ƙirgawa, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. In ya ce "ɗari", sefa 500 yake nufi. In ya ce "jika", 1,000 ke nan. Zabarmanci ma haka yake ƙirgawa. Amma idan cinikin ya koma naira, "ɗari" ta zama 100 cif. Manhajar aika kuɗi kuwa adadin sefa take nema a rubuta. Ke nan duk wanda zai tura kuɗi sai ya ninka abin da bakinsa ya faɗa sau biyar kafin ya danna, sannan ya raba abin da allo ya nuna masa gida biyar kafin ya gane. Injiniyan da zai ɗora wa manhajar murya, ya sa ta karanta 500 da "ɗari biyar", ya fassara kalmomin daidai, amma ya gaya wa mai saurare cewa kuɗinsa sefa 2,500 ne. Wannan kuskure ne na ilimin ma'ana, kuma mai nazarin harshe ne zai hango shi tun kafin a kai manhajar kasuwa.

Rubutu ma yana da tasa ƙura. Gajeren saƙon waya yana ɗaukar haruffa 160 idan duk suna cikin jerin da aka tsara wa harsunan Turai. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba sa cikin jerin. Da zarar ɗaya ya shiga, wayar takan sauya tsarin adana haruffa, saƙon ya ragu zuwa haruffa 70. Wanda ya rubuta Hausa bisa ƙa'ida zai iya biyan kuɗin saƙo biyu ko uku a inda maƙwabcinsa ya biya na ɗaya. Malaman da ke kukan cewa matasa sun daina bambanta "kafa" da "ƙafa" ya kamata su sa wannan a lissafi. Ga kuma bambancin ƙa'ida: Nijar tana rubuta ƴ, Nijeriya tana rubuta 'y, kuma injin bincike ba lallai ya san abu ɗaya ba ne.

An taɓa gwada wayar a matsayin allon karatu a wannan yanki. A 2009 da 2010, Jenny Aker ta Jami'ar Tufts da abokan aikinta, tare da ƙungiyar CRS, sun gudanar da shirin ABC a ƙauyukan jihohin Dosso da Damagaram, inda aka haɗa yaƙi da jahilci na manya da koyon sarrafa ƙaramar waya. Sakamakon da suka buga a 2012 ya nuna waɗanda suka koyi wayar sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. Masana tattalin arziki ne suka yi aikin, don haka makin jarrabawa suka auna. Tambayar yadda sabon mai karatu yake daddatsa kalmomi, da abin da yake sa wa a gurbin harafin da bai samu ba, tambaya ce ta sashen harshe, kuma ta isa kundin digiri na biyu.

Yau saƙon murya na WhatsApp ya ɗauke wa da yawa wahalar rubutu, sai hankali ya koma kan na'urorin gane magana. A nan karin harshe ne cikas. Na'urar da ta koyi Hausa daga bakin Kanawa da masu karanta labarai a rediyo za ta yi tuntuɓe da "biyat" da "tahi" da "hwaɗi" na Hausar yamma. Rumbun Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin Hausa daga masu sa kai, ƙungiyar Masakhane kuma tana haɗa masu binciken harsunan Afirka ta intanet ba tare da neman sai mutum ya zama injiniya ba. A Jami'ar Bayero ta Kano, Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokansa sun fitar da rumbun NaijaSenti a 2022, aikin da ya dogara ga masu jin harshe da suka yi wa dubban saƙonni alama da hannu. Dandanci kuwa, wanda shi ne harshen gida a Gaya, yana baya ƙwarai a irin waɗannan rumbuna.

Koyar da ƙannai a sashe ita ce ƙofa mafi kusa. Ɗalibin digiri na biyu da ke nuna wa ƴan ajin farko yadda ake auna sauti da Praat, ko yadda ake rubuta hira da ELAN, ko girka madannin Hausa da Keyman, yana zaune ne a gaban abin da fannin ke nazari: mutum ya tsaya, ya rasa inda zai danna, ya fassara umarni ta wata fuska daban. In ya nemi izinin ɗaliban, ya riƙa rubuta inda suke cijewa da abin da suke faɗi a lokacin, ya sami bayanan gwaji ba tare da kashe ko dala ba. Izinin nan ba ado ba ne, domin wanda ake koya wa yana jin nauyin ya ce a'a.

Abin da ya rage shi ne abokin aiki daga ɓangaren fasaha. Jami'ar Dosso, wadda aka kafa a 2014, ta karkata ne ga fasahar sadarwa ta zamani, sashen kimiyyar harshe kuma yana Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Dokar sake gina ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, abin da zai ƙara buƙatar manhajoji da takardun hukuma cikin Hausa. Aikin haɗin guiwa tsakanin ɗalibi daga Dosso da wani daga Yamai, a kan yadda ya kamata waya ta furta adadin kuɗi ga ƴan kasuwar Gaya, irin takardar da ake gabatarwa ce a taron AfriCHI na masu wannan fanni a Afirka, wanda aka fara a Nairobi a 2016.